Larura da Buƙata a Ma'aunin Shari'a: Waiwaye kan Muhawarar Dokar Kulle da Rufe Kasuwannin Kano a 2020

Tsakure

Maƙalar ta waiwayi muhawarar da ta biyo bayan dokar zaman gida da rufe kasuwanni a Kano lokacin annobar korona, ta auna ta da abin da malaman usulu da fiƙihu suka shimfiɗa game da martabobin maslaha. Abin da ta tsaya a kansa shi ne cewa hukumomi sun kasa kayan sayarwa gida biyu, na dole da waɗanda ba na dole ba, alhali a wajen malamai larura siffa ce ta halin da mutum yake ciki. Kuma duk shugaban da ya hana talaka fita neman abinci, ciyar da shi ta hau kansa.

Gabatarwa

Ranar 27 ga Fabrairu, 2020 aka tabbatar da ɓullar cutar korona a Nijeriya, a jikin wani ɗan ƙasar Italiya da ya sauka a Legas. Bayan wata guda Shugaba Muhammadu Buhari ya dogara da Dokar Killacewa ta 1926, ya umarci mazauna Legas da Ogun da Abuja su zauna a gida daga daren 30 ga Maris. Umarnin ya keɓe asibitoci da masu harkar magani da abinci da man fetur da wutar lantarki, sauran kuwa aka ce su rufe. A Kano, an sami mutum na farko da gwaji ya tabbatar yana ɗauke da cutar ranar 11 ga Afrilu, kuma da ƙarfe 10 na daren Alhamis, 16 ga watan, dokar kulle ta Gwamna Abdullahi Umar Ganduje ta fara aiki, da farko ta kwana bakwai. Azumin Ramadan na 1441 ya kama ranar Juma'a, 24 ga Afrilu, mutane suna kulle. Kwana uku bayan haka Gwamnatin Tarayya ta ɗora nata kullen na mako biyu a kan jihar, aka yi ta sabunta shi, ba a ɗage dokar gaba ɗaya ba sai farkon Yuli.

A cikin waɗannan makonni ne aka yi ta kai dattawa maƙabartun birnin fiye da yadda aka saba, cikinsu har da malamai da masu sarauta da manyan 'yan boko. A watan Yuni Ministan Lafiya, Osagie Ehanire, ya bayyana cewa binciken da aka gudanar ya ƙirga mamata 979, kuma kashi 50 zuwa 60 cikin ɗari na mace-macen suna iya kasancewa da alaƙa da korona. Ke nan tsoron da ya sa aka kulle gari yana da tushe. Haka ma kukan waɗanda aka kulle yana da nasa tushen, domin Kano gari ne na fatauci, mafi yawan magidanta a cikinsa sai sun fita suke samun na cefane.

A farkon Mayu aka yi sassauci: ranakun Litinin da Alhamis, daga ƙarfe 10 na safe zuwa 4 na yamma, a fita a sayi abinci. Aka bar kasuwar Yankaba ta kayan gwari da ta 'Yan Lemo da wasu manyan kantunan zamani su buɗe, sauran manyan kasuwanni irin su Kantin Kwari da Sabon Gari da Kurmi suka ci gaba da zama a garƙame. A nan muhawara ta yi zafi a gidajen rediyo da kafafen sada zumunta da bakin malamai. Likitoci da wasu malamai suna ganin ko wannan sassaucin ma ya yi yawa. 'Yan kasuwa da masu aikin ƙarfi suna cewa yunwa za ta riga cutar kai su kabari. Wasu kuma tambayarsu ɗaya ce: ta yaya za a buɗe kasuwa a bar masallaci a rufe? Akwai waɗanda suka ƙaryata samuwar cutar baki ɗaya, amma nasu zancen maƙabartu sun riga sun amsa shi.

Ikon shugaba na tsare mutane a gida

Asalin taƙaita zirga-zirga saboda annoba tabbatacce ne a Sunna. Buhari da Muslim sun ruwaito hanin Manzon Allah, tsira da amincin Allah su tabbata a gare shi, game da shiga garin da annobar ɗa'uni ta sauka, da kuma fita daga cikinsa don guje mata. Da wannan hadisi ne hankalin Sayyidina Umar, Allah Ya yarda da shi, ya kwanta lokacin da ya juyo da jama'arsa daga Sarga bai shiga Sham ba, a zamanin annobar da aka sani da ta Amwas, wadda ta ɗauke Abu Ubaida da Mu'azu ɗan Jabal. Hadisin Nana A'isha da ya yi alƙawarin ladan shahidi ga wanda ya zauna yana mai haƙuri, a ruwayar Buhari zaman gari aka ambata, a wata ruwaya ta Imam Ahmad kuwa zaman gida. Mafi kusa da mas'alar shi ne abin da Imam Malik ya kawo a Muwaɗɗa, cewa Umar ya ga wata mata mai kuturta tana ɗawafi, ya nemi ta zauna a gidanta don kada ta cutar da mutane. Ta zauna. Bayan rasuwarsa aka ce mata wanda ya hana ta ya mutu, ta fito, sai ta ƙi, ta nuna ba za ta bi shi yana raye ta saɓa masa bayan ya mutu ba.

Daga irin waɗannan ne malamai suka fitar da cewa shugaba yana iya ƙayyade abin da asalinsa halal ne, kamar tafiya da ciniki, idan maslahar jama'a ta hukunta haka, da sharaɗin cewa duk tasarrufinsa a kan talakawa a rataye yake da maslaharsu. Sai dai akwai bambanci da bai kamata a tsallake shi ba. Matar da Umar ya tsare, cutarta a bayyane take. A 2020 kuwa masu lafiya aka tsare, miliyoyinsu. Hujjar likitoci ita ce mutum yana iya ɗaukar ƙwayar cutar har zuwa kwana 14 kafin alama ta bayyana, wani ma ba za ta taɓa bayyana a jikinsa ba alhali yana yaɗa ta, ga kuma ƙarancin gwaji. Cibiyar gwaji ɗaya da Kano take da ita a lokacin ma sai da ta dakatar da aiki na wasu kwanaki a ƙarshen Afrilu. Idan ba a iya rarrabe mai cuta da mai lafiya, tsare kowa yana da fuska a ƙiyasi. Amma fuskar ijtihadi ce, ba nassi ba, kuma abin da aka gina a kan ijtihadi ana sake auna shi duk lokacin da sakamakonsa ya bayyana.

Tarihin Alƙahira ya adana darussa biyu masu fuskantar juna. Hafiz Ibnu Hajar (ya rasu 852H), a littafinsa Bazlul Ma'un, ya ba da labarin yadda a annobar 833H aka yi shelar azumin kwana uku, sannan jama'a suka fita bayan gari suka taru don addu'a, kuma kafin wata ya ƙare adadin masu mutuwa a kullum ya ninka sau da yawa. Shi kansa bai tafi a kan cewa cuta tana tsallakawa daga jiki zuwa jiki ba, saɓanin Lisanuddin Ibnul Khaɗib na Andalus wanda ya tabbatar da haka bisa abin da idonsa ya gani a annobar 749H. Duk da haka abin da ya ruwaito ya zama hujja ga masu hana taro. Darasi na biyu ya zo a Ramadan na 841H, lokacin da Sarki Barsbai ya hana matan Alƙahira fita daga gidajensu baki ɗaya, bisa fahimtar cewa alfasha ce ta jawo annobar. Masana tarihin zamanin, irin su Maƙrizi, sun rubuta ƙuncin da ya sami zawarawa da mata masu sana'a da waɗanda ba su da mai yi musu cefane, da yadda kasuwar masu sayar da kayan mata ta mutu, har sai da aka sassauta wa kuyangi da tsofaffi su fita sayen abin buƙata. Dalilin wancan hani daban ne, amma ramin da ya faɗa shi ne dai wanda dokokin 2020 suka faɗa: an hana fita ba a tanadi amsar yadda wanda aka hana zai ci ba.

Mene ne na dole?

Dokokin kulle a kusan kowace ƙasa sun ginu a kan rabo biyu: kayan da ba makawa sai da su, da waɗanda za a iya haƙura da su. Malaman usulu kuwa uku suka raba. Imam Gazali (ya rasu 505H) a Mustasfa, da Imam Shaɗibi (ya rasu 790H) a Muwafaƙat, sun sanya maslaha hawa-hawa. Na sama su ne larurai, waɗanda idan aka rasa su rayuwa ta lalace, wato tsare addini da rai da hankali da zuriya da dukiya. Na tsakiya su ne buƙatu, waɗanda rashinsu ba ya halakarwa amma yana jefa mutane cikin ƙunci da wahala. Na ƙasa su ne abubuwan kyautatawa da ƙawa. Wannan hawa na tsakiya shi ne dokar kulle ta shafe, kuma a cikinsa mafi yawan rayuwar mutane take. Gyaran waya, da kayan gyaran injin rijiyar burtsatse, da tayar babur, da littafin ɗalibi, babu wanda za a ce rashinsa na kwana ɗaya kisa ne, babu kuma wanda za a kira shi ado.

Abin da ya fi wannan muhimmanci shi ne, waɗannan martabobi martabobin maslaha ne, ba sunayen kaya ba. Abu ɗaya yana hawa yana sauka gwargwadon halin mai nemansa. Yadi ƙawa ne ga mai akwati cike da shadda, buƙata ne ga wanda rigarsa ta yage, wajibi ne ga wanda ba shi da abin suturce al'aura. Farin yadin da ake yi wa mamaci likkafani, wanda yake farali ne na kifaya a kan al'umma, a hannun masu sayar da yadi yake, su ne kuwa aka lissafa cikin waɗanda cinikinsu ba na dole ba ne, a daidai makonnin da aka fi yawan jana'iza. Ta ɗaya ɓangaren, a cikin kantin da aka bari a buɗe da sunan abinci akwai alewa da lemon kwalba da sauran kayan marmari da babu malamin da zai kira su larura.

Wannan tangarɗa ba ta Kano kaɗai ba ce, kuma ba talauci ne ya haife ta ba. Inda ta fi fitowa fili ma ƙasa ce mai wadata. Yankin Wales na Birtaniya ya yi kullen kwana 17, daga 23 ga Oktoba zuwa 9 ga Nuwamba, 2020. Da yake an rufe ƙananan shagunan tufafi da littattafai da kayan gida, sai gwamnatin Mark Drakeford ta hana manyan kantuna, waɗanda aka bari a buɗe saboda abinci, sayar da irin waɗannan kaya, da hujjar yin adalci ga ƙananan 'yan kasuwa. Aka lulluɓe kantocin tufafi da leda, aka gitta igiya a gaban kayan ɗaki. Cikin 'yan kwanaki fiye da mutum 60,000 suka sa hannu a takardar koke zuwa majalisar yankin. Uwa ta ce jaririnta ya girmi kayansa ga sanyi ya shigo. Wani ya ce tukunyar dafa ruwansa ta lalace. Har wani babban kanti ya yi kuskuren gaya wa wata mata cewa an hana shi sayar da audugar mata, sai da gwamnati ta fito ta ƙaryata, kantin ya ba da haƙuri. Daga baya aka sanya kayan jarirai cikin na dole, aka kuma yarda mai saye ya nemi abin da aka hana idan yana cikin wani hali na musamman. Wannan gyara na ƙarshe komawa ne ga abin da malaman usulu suka faɗa tun farko, cewa halin mutum ake dubawa. Faransa ma ta rufe shagunan littattafai a kullenta na ƙarshen Oktoban 2020, ta hana manyan kantuna sayar da su, sannan a Fabrairun 2021 ta sauya ra'ayi ta sanya shagunan littattafai cikin na dole. Littafin bai canja ba tsakanin watannin nan huɗu.

A Kano akwai wata fuska da ta fi wannan nauyi, wadda rabon gida biyu bai hango ta ba ko kaɗan, domin shi mai saye kawai yake kallo. Kowane ciniki mutum biyu ne. Atamfar Sallah ƙawa ce ga wadda za ta ɗaura, amma ita ce tuwon dare ga yaron shago da dillali da ɗan dakon da ya ɗauko dila da mai baron da ya tura ta bakin titi da mai abincin da take jiran su a bakin layi. Watan azumi shi ne kakar Kantin Kwari da teloli. Abin da tela ya samu a ɗinkin Sallah da shi yake biyan haya da kuɗin makarantar yara. Shaɗibi ya yi bayanin cewa abu yana iya zama halal kawai idan aka dubi mutum ɗaya a lokaci ɗaya, ya yi ko ya bari duk ɗaya, amma ya zama abin nema na dole idan aka dubi jama'a gaba ɗaya, kuma saye da sayarwa da sana'o'i suna cikin misalan da ya bayar. Mutum ɗaya ya fasa sayen yadi yau, babu abin da ya ragu. Gari guda ya daina sayen yadi wata biyu, gidaje dubbai sun daina ɗora tukunya. Kafin shi, Imamul Haramaini Juwaini (ya rasu 478H) ya tabbatar da cewa buƙata idan ta game jama'a tana hawa matsayin larura, domin idan aka ce kowa ya jira sai ya kai gaɓar halaka kafin a yi masa rangwame, ƙarfin al'umma zai ƙare kafin a kai can.

Masu goyon bayan kulle sun kafa hujja da cewa tsare rai yana gaba da tsare dukiya, kuma wannan gaskiya ne a tsarin larurai. Ga attajirin da yake da hatsi a ɗaki da kuɗi a banki, rufe shagonsa asarar dukiya ce don tsare rayuka, kuma haƙuri ya wajaba a kansa. Amma ga mai hannu-baka-hannu-ƙwarya, ɗan garuwa ko mai tuƙa adaidaita-sahu ko mai wankin hula, abin da aka ɗora a ma'auni rai ne da rai: yiwuwar kamuwa da cuta a gefe ɗaya, yunwar da babu shakka a cikinta a ɗaya gefen. Doka ɗaya ce a takarda, amma hukunci biyu ta zartar.

Adalci ya hukunta a faɗi uzurin hukuma. Ba ta yiwuwa ɗan sanda a shingen hanya ya binciki tukunyar kowane gida kafin ya bar mutum ya wuce, kuma shari'a da kanta takan rataya hukunci a kan siffa bayyananniya mai iyaka: tafiya ce take halatta ƙasaru, ba wahalar da kowa zai iya da'awarta ba. Don haka neman ma'auni na bai-ɗaya ba laifi ba ne. Tambayar ita ce ko an zaɓi siffar da ta dace da illar hukuncin. Illar hana kasuwa ita ce cuɗanya da cunkoso, domin ta numfashi cutar take yaɗuwa, kuma taron masu sayen tumatir ba ya fin taron masu sayen leshi aminci. Lissafa kaya hanya ce kawai ta rage yawan masu fita. To, mako yana da sa'a 168, aka ba birni mai miliyoyin mutane sa'a 12 a cikinsu, aka kuma tura su kasuwanni ƙalilan. Duk wanda ya ga Yankaba a waɗannan ranaku ya san abin da lissafin ya haifar: turereniyar da ta fi ta ranar kasuwa ta yau da kullum. A ƙa'idar malamai, hanya tana ɗaukar hukuncin abin da take kaiwa gare shi, kuma idan ta koma tana rushe manufar da aka kafa ta dominta, to ta faɗi. Da an bi illar, da yawaita wurare da tsawaita lokaci da karɓa-karɓar layukan kasuwa sun fi kusa da manufa fiye da matse su. Ƙari a kan haka, barin kantin zamani a buɗe alhali teburin ƙaramin ɗan kasuwa yana kife ya sa talaka ya karanta dokar a matsayin wadda aka ɗinka daidai jikin masu hali, kuma dokar da jama'a suka daina ganin adalcinta ba ta daɗewa ana bin ta.

Kasuwa da masallaci

Tambayar da ta fi yawo a bakin jama'a ita ce ta fifita kasuwa a kan masallaci, kuma ta taɓa zukata ƙwarai. A Kusada ta Jihar Katsina, a ƙarshen Maris, rikicin hana sallar Juma'a ya kai ga ƙona ofishin 'yan sanda. Amsar da fiƙihu yake da ita ba ta da alaƙa da daraja, domin babu Musulmin da yake shakkar fifikon masallaci a kan kasuwa. Magana ce ta madadi. Jam'i da Juma'a shari'a ta sanya musu makwafi: wanda uzuri ya hana shi Juma'a ya sallaci Azahar a gida, kuma ya tabbata cewa an umarci ladani ya yi shelar salla a gidaje saboda ruwan sama da sanyi. Littattafan Malikiyya sun lissafa taɓo mai yawa da rashin lafiya da jinya da kuturta da tsoro cikin uzurorin barin Juma'a. Abinci kuwa ba shi da makwafi. A kan irin wannan fahimta ce Majalisar Manyan Malaman Saudiyya ta dakatar da jam'i a masallatan ƙasar, ban da Harami biyu, ranar 17 ga Maris.

Duk da haka masu tambayar ba su rasa gaskiya ba. Ana iya tsara sahu da tazara, a gajarta huɗuba, a watse cikin mintuna kaɗan, abin da ba ya yiwuwa a kasuwar kayan gwari. Idan cunkoso ne illa, masallacin da aka tsara ya fi kasuwar da aka matse aminci. Gwamnatin jiha ta ba da izinin Juma'a da Idi a mako na ƙarshe na azumi, a daidai lokacin da Gwamnatin Tarayya ta ƙara wa'adin kulle, kuma malaman Kano kansu sun rabu a kan matakin. Aka yi Idi ranar Lahadi, 24 ga Mayu, wasu a fili, wasu a gida. Saɓani ne a kan tabbatar da illa a cikin abin da yake faruwa, irin wanda bai kamata a jefi wani ɓangare a cikinsa da raunin imani ko da jahilci ba.

Wanda ya kulle ƙofa

Malaman da suka halatta wa shugaba tsare mutum a gida ba su tsaya a nan ba. Alƙali Iyal ya naƙalto daga wasu malamai, Imam Nawawi kuma ya ƙarfafa shi a sharhin Muslim, cewa mutumin da aka sani da kambun baka ya kamata shugaba ya hana shi cuɗanya da jama'a, ya umarce shi da lazimtar gidansa, idan kuma matalauci ne ya ba shi abin da zai ishe shi. Sun kafa hujja da hana mai warin tafarnuwa shiga masallaci da abin da Umar ya yi wa mai kuturta. Tsarewa da ciyarwa a jumla ɗaya suka zo. Masana tarihi sun ambaci cewa Halifa Walid ɗan Abdulmalik, da ya hana kutare yawon bara, ya yanka musu abin da za su ci daga baitulmali. Umar kuwa, a shekarar fari da aka sani da Ramada, ya aika wa gwamnoninsa su turo abinci, ya kafa tukwane yana ciyar da waɗanda suka kwararo Madina, ya jinkirta karɓar zakka, ya kuma haramta wa kansa man shanu har sai mutane sun samu.

A wannan ma'auni za a fahimci dalilin da ya sa doka iri ɗaya ta zauna a wani wuri ta kasa zama a wani. Gwamnatin Birtaniya ta ɗauki nauyin kashi 80 cikin ɗari na albashin ma'aikatan da aka tsayar, har zuwa fam 2,500 a wata, don haka gardamar Wales ta tsaya a kan kanta da leda. A Nijeriya an yi alƙawarin kayan tallafi, an kuma raba wani abu, amma abin da ya isa hannun jama'a bai yi kusa da yawan waɗanda aka kulle ba. Maƙwabta da masu zakka da ciyarwar azumi ne suka toshe mafi yawan giɓin. A watan Oktoba na shekarar, da jama'a suka fasa rumbunan ajiya a Legas da Jos da wasu garuruwa, aka tarar da kayan tallafin korona jibge ba a raba ba. Ɓangaren tilastawa kuwa bai yi jinkiri ba. Hukumar Kare Haƙƙin Ɗan Adam ta Ƙasa ta ba da rahoton cewa jami'an tsaro sun kashe mutum 18 wajen tilasta dokar a mako biyun farko, adadin da ya zarce na waɗanda aka tabbatar cutar ta kashe a ƙasar zuwa lokacin. Dokar da aka kafa don tsare rai, idan zartar da ita ya koma zubar da jini, ta fita daga ƙarƙashin ƙa'idar da ta halatta ta. Haka nan cin tarar wanda yunwa ta fitar, a kotun tafi-da-gidanka, yana da wuyar samun mafaka a fiƙihun da ya ruwaito cewa Umar bai zartar da haddin sata a shekarar yunwa ba.

Akwai kuma haƙƙoƙin da suka rage tsakanin mutane da junansu bayan an buɗe gari, mafi bayyana a cikinsu kuɗin hayar shagunan da suka yi makonni a rufe. Yawancin 'yan kasuwa suna biyan hayar shekara ne tun farko, kuma an ɗauka asarar tasu ce su kaɗai. Mazhabar Malikiyya tana da magana a kan wannan tun da daɗewa. Shaihu Halil, a babin ijara na Muhtasar, ya lissafa umarnin sarki na rufe shaguna cikin abubuwan da suke warware yarjejeniyar haya, tare da ƙwace gidan da aka yi haya ko ƙwace amfaninsa. Dalili shi ne kuɗin haya farashin amfani ne, kuma amfanin da hukuma ta hana ɗan haya bai karɓe shi ba, don haka ba a bin sa kuɗin kwanakin da shagon ya yi a kulle. Abin da yake buƙatar tahƙiƙi daga muftai da alƙalai shi ne ko ranakun sassauci suna shiga lissafi, da kuma ko ajiyar kaya a cikin shagon da aka rufe wani yanki ne na amfani da ya cancanci wani yanki na haya, tun da dilolin yadin Kantin Kwari a cikin shagunan suka kwana har aka buɗe.